Maki Goma Sha Biyu na Mijin Yagana

Tun da na dawo daga Ingila ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Matan layinmu na Ajingi, abokan suyar ƙuli-ƙuli, har da surukaina na Balan da ke aiko da gaisuwa ta bakin direbobin Gaya, duk tambayarsu ɗaya: "Hajiya Falmata, ya ƙasar Turawa? Ya jikanya? Ya Mai Maki?" Biyun farko ina amsa su baki har kunne. Ta ukun ce ke sa in miƙe in ce na bar tukunya a wuta. To, na gaji da ƙaryar tukunya. Bari in faɗa sau ɗaya daga farko, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Mai Maki shi ne Nasiru, mijin autata Yagana, kuma ni na laƙaba masa sunan da bakina. Karatu ya kai shi can, ya gama ya samu aikin kai wa mutane kaya gida-gida a motarsa, sannan ya aiko Yagana ta bi shi. 'Yan watanni kafin tafiyata sai ga saƙon murya ya shigo wayata. Ashe ƙawarta Yagana ta yi niyyar tura wa, hannu ya kauce. Rabi Hausa rabi Turanci, abin da na kama shi ne: "Ya kai tuwelf foyint a tuƙi, har hukuma ta aiko masa da takarda." Kafin ta goge na riga na ɗauki mayafi na nufi gidan ƙanena Malam Bukar, wanda ya shekara da shekaru yana koyarwa a firamaren Toranke. Ya saurara, ya sake saurara, ya gyara zaman tabarau.

"Yaya, ai abin murna ne. Foyint shi ne maki. Yaro ya ci maki goma sha biyu a tuƙin mota. Takardar kuwa ta yabo ce, su Turawa ba sa ƙyale mai hazaƙa."

Kafin la'asar duk Ajingi ta ji. Mahaifiyar Nasiru a Balan ta yi sadakar waina. Da na kira Yagana ina guɗa a waya sai ta ce, "To, Mama, sai addu'a." Na ɗauka kunyar yabon miji ce.

Cikinta ya tsufa, aka yi mini takardun tafiya don in je in zauna mata jego. Ranar tashi na shiga motar Ɗan'azumi, bas ɗin nan da ƙofarta ke ɗaure da igiya, da jakunkuna biyu da ban yarda a ɗora su a sama ba. Tsakanin Gaya da Wudil masu duba takardun mota suka tsayar da mu. Ɗan'azumi ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma, ya miƙa yana "Ranka ya daɗe, ya rana?" Jami'in ya ce lambar da ke jikin inshorar nan ai ba ta wannan motar ba ce. Ɗan'azumi ya ce ta tsohuwar motarsa ce, amma ai injin ɗin ɗaya ne, shi ya dawo da shi nan. Aka yi dariya, aka gaisa hannu a dunƙule, muka wuce. Wani dattijo a bayana ya ce lasin ma na wansa ne, kama ce ta yi yawa. Ni ma na yi dariya. A sanina inshora takarda ce da ake ajiyewa saboda mai kaki, ban taɓa jin ta yi wa wani wani amfani ba bayan wannan.

Na jirgi ba zan ja shi ba. An ba mu shinkafa a ɗan kwano, da nama da ban san wanda ya yanka ba, na mayar musu da abinsu na ci dabinona. Wata 'yar Inyamurai da ke gefena ita ta ɗaura mini bel, ita ta nuna mini yadda ake buɗe banɗaki, amma duk da haka jakar hannuna a hammata ta kwana.

A filin jirginsu ne aka fara yi mini kallon rashin gaskiya. Wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata kamar ya san ni. Aka ja ni gefe, aka zazzage komai. Kilishin da na yo wa Nasiru tsaraba suka ɗauke, man shanun jego suka ɗauke. Kuka da daddawa suka shinshina, suka yamutsa fuska, suka bari. Sai suka kai ga kanwa. Jami'in ya sa safar hannu, ya ɗaga dunƙulen sama, ya kira ɗan'uwansa, wancan ma ya kira wata. Ni ba Turanci, su ba Hausa. Na nuna ciki, na nuna goyo, na yi alamar dama kunu, ba su gane ba. Da na ga abin zai yi tsawo sai na miƙa hannu na gutsuri kanwar na sa a baki. Matar ta yi ƙara kamar na haɗiyi wuta. Sai da suka kira wani tafinta a waya, mai Hausar Nijar, ya ce musu ta kunun mai jego ce. Suka ɗiga mata wani ruwa, suka duba, suka ba ni abata. Na fito ina cewa a raina, mutanen nan ba su yarda da kowa ba. Ban san ni ma ciwon zai kama ni ba.

Nasiru na tsaye a bakin fita. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawan nan, "Mama, sannu da hanya," idonsa a ƙasa. Ni ma na kawar da kai na amsa, kamar yadda aka saba tsakanin surukai. Ya ɗauki jakunkuna, na bi shi ina baza ido in ga motar da ta ciyo maki. Sai ga mu a tashar jirgin ƙasa. Daga jirgin ƙasa muka hau bas, daga bas muka taka a ƙafa cikin yayyafi, yana jan jaka tana ƙara a kan dutse. Na ce wataƙila motar na gareji. Muna isa gida sai ga ta a ɗan filin ƙofarsu, an lulluɓe ta da tamfol, ganye ya taru a ƙarƙashinta.

Sunan garin kada ku tambaye ni, har na baro shi harshena bai iya ba. Gidajen a manne suke da juna, duk iri ɗaya, ba zaure ba tsakar gida. Ɗakin da aka ba ni bai kai rumbun gyaɗata ba. Washegari na ce bari in kore warin sanyin nan, na kunna garwashi na zuba turaren wuta. Sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu, Yagana ta hauro da ƙyar da tulelen cikinta tana fifita shi da tawul. Wai hayaƙi yake ji. Na ce to, ƙasar da rufin ɗaki ma ɗan rahoto ne, Allah ya fid da mu lafiya. Kajinsu manya ne amma ba ɗanɗano, tuwon kuma na wani farin gari ne da ba ya riƙe ciki. Miyar kukata ce ta cece ni.

Gidan da ke kallon namu akwai wata tsohuwar Baturiya da na sa wa suna Mai Labule. Duk motsin da aka yi a ƙofarmu sai na ga labulenta ya ɗaga. Ranar da ta ƙwanƙwasa ta kawo wani burodi mai zaƙi, ban bari Yagana ta ci ba. Mai ciki ba ta cin abin hannun wanda ba a san zuciyarsa ba.

Amma babban abin da ya tsaya mini a rai motar ce. Kullum da sassafe Nasiru zai fito ya wuce ta kamar bai san ta ba, ya hau keke. Ranar awon ciki, Yagana da ƙafafu a kumbure, haka muka tsaya a bakin titi muna jiran bas iska na dukanmu, mota na gida tana barci. Da muka dawo na rufe ƙofar kicin na titsiye ta.

"Ke, motar nan tasa ce ko ta aro?"

"Tasa ce, Mama."

"Ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau. Inshorarta ce ba a sabunta ba."

"Inshora? A kan takarda za a bar ki kina jan ƙafa a titi? Ya ari ta wani mana."

"Mama, nan ba a haka."

"To aikin kai kayan fa, a keke yake yi?"

"Ya canza aiki. Yanzu a wani sito yake."

Ta juya tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Na haifi yarinyar nan, na san bayanta idan tana ɓoye abu.

Daga ranar na zama Mai Labule ta biyu. Na lura idan wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa, ya fi kowa saurin ɗauka. Na lura idan motar 'yan sanda ta gifta sai hirarsa ta yanke. Makullin motar ba ya rataye da sauran, yana can cikin gwangwanin shayi a saman firji, na gan shi ranar da nake neman wurin ɓoye daddawa. Na saƙa wannan na kwance, na saƙa wancan. Ko ya jinginar da motar? Ko ya buge wani ya gudu? Ko kuwa rowar mai ce kawai, ya ga 'yar mutane ba ta da kowa a nan? Wannan na ƙarshen shi ya fi zauna mini, shi ya fi ƙona mini rai. Kuma ba halin in tambaye shi. Ina ni ina tsayar da suruki in ce me ya sa? Gaisuwa ce tsakaninmu, sai sannu, sai Allah ya yi albarka. Sai na koma habaici. In yana kusa in ce wa Yagana, "Mu a Ajingi ko mai amalanke ba ya barin matarsa ta taka da tsohon ciki." Ya kan sunkuyar da kai ya fita. Ni kuwa in ce a raina, ka ji, mara gaskiya.

Akwai abin da su ba su sani ba, ko sun sani sun manta. Ƙanwata Bintu a Toranke ta rasu, kan gwiwa, ana jiran motar da aka aika a nemo daga Gaya. Ina riƙe da kanta. Motar ta iso ana yi mata wanka. Tun ranar, in na ga mai ciki idona kan hanya yake.

Naƙudar ta zo da hantsi, ranar da Nasiru ba ya aiki. Faya ta fashe a kicin. Ya kira asibiti suka ce a kawo ta, ya kira tasi aka ce sai an ɗan jira, duk suna kan hanya. Ya ruga gidan Mai Labule ya buga, ba kowa. Ya dawo yana zagaye falo da waya a kunne, yana "Yanzu za su zo, Mama, yanzu." Yagana ta durƙusa ta riƙe kujera, ta yi wani nishi da na san shi, irin na Bintu. Ban san lokacin da na taka kujera na sauko da gwangwanin shayi ba.

Yagana ta ɗago ta ce, "Mama, a'a. Mama, bar shi."

Na ce, "Rufe mini baki, kin daɗe kina rufa masa asiri."

Na tsaya a gabansa, na kalle shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwarsa. Na kama hannunsa na danƙa masa makullin, na kira sunansa.

"Nasiru. In 'yata ta mutu a ɗakin nan da mota a ƙofa, ban yafe maka ba duniya da lahira."

Ya dubi matarsa, ya dubi makullin. Sai ya ce, "To, Mama." Ya fita ya yaye tamfol. Motar ta yi tari sau ɗaya ta ƙi, a na biyu ta tashi. Har yau ina cewa da ma ba ta tashi ba.

Tuƙi kam ya iya, ba gargada ba gaggawa. Ina baya riƙe da Yagana, har ina cewa a raina, ka ga abin da ka hana mu. Ba mu yi nisa ba, daidai wani shataletale, sai shuɗiyar wuta ta cika motar. Ba wanda ya ɗaga mana hannu, ba shinge, ba ƙusa a titi. Daga baya aka gaya mini motar 'yan sandan na da ido mai karanta lambar kowace mota, ya faɗa musu nan take wadda ba ta da inshora da wanda aka hana mai ita tuƙi. Nasiru ya gangara gefe ya kashe mota, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Na ga gumi na bin bayan wuyansa cikin sanyin nan.

Na ce, "Ka gaishe su mana, ka ce ranka ya daɗe. Ka gaya musu kai ne mai maki goma sha biyu!"

Yagana ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Cikin nishi ta ce, "Mama, makin nan na laifi ne! In ya kai sha biyu ƙwace lasin ake yi. Kotu ta hana shi tuƙi. Ɗaure shi za su yi, Mama!"

'Yan sandan biyu ne, macen ta leƙo ta ga halin da ake ciki, ba ta tsaya dogon zance ba. Ita da kanta ta kama Yagana ta sa a motarsu, ta tura ni ciki, ta kunna jiniya. Namijin ya tsaya da Nasiru. Na waiwaya ta gilashi na gan shi tsaye a gefen titi yana miƙa makullin da na sa masa a hannu.

Kafin la'asar Yagana ta sauka lafiya, mace. Ba uban da zai yi mata kiran salla a kunne, sai wani likita ɗan Sudan aka roƙa ya yi. Wadda ta fara iso mana asibiti da kayan jariri kuwa Mai Labule ce. Ashe tun cikin na wata bakwai suka shirya da ita, ita za ta kai Yagana in lokaci ya yi, shi ya sa take leƙen ƙofarmu. Ranar ce kawai ta fita karɓo maganinta. Tasin ma, daga baya muka ji, ya iso muna barin layin.

A gadon asibiti Yagana ta warware mini sauran. Shida daga makin na inshora ne: yana da ita, amma ta zirga-zirgar gida ce, ba ta aikin kai kaya ba, shi kuma ya ɗauka inshora inshora ce. Sauran na gudu ne, kyamarar titi ta kama shi yana sauri ya cika aikin rana. Na ce to me ya hana ku gaya mini?

Ta ce, "Mama, bayan an yi sadakar waina? Ya ce gara ya yi ta hawa keke har wa'adin ya cika da a ce ya kunyata ki a Ajingi. Saura 'yan makonni ne fa."

Sun sake shi a ranar, bayan sun rubuta abin da za su rubuta, da sharaɗin zai je kotu. Ya shigo ɗakin ya durƙusa ya gaishe ni tukuna, kafin ya je ga 'yarsa. Na ja mayafi na rufe fuskata.

Ranar kotu na ce sai na je. Na sa lauyansa ya gaya musu ni ce na sa shi, ni na ɗauko makullin. Alƙalan su uku ne, ba rawani ba sanda, wata a cikinsu ta dube ni ta gyaɗa kai. Suka ce sun ji, kuma saboda haka ba za su ɗaure shi ba, amma hannun da ya riƙe sitiyari shi doka ta sani. Suka ƙara masa wa'adin hanin, suka ɗora tara, suka ce zai yi aikin gayya na share wuraren jama'a ba lada. Motar da aka ɗauke ba ta dawo ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne yanzu sunansa ya shiga cikin masu laifi, kuma in ya je sabunta takardar zamansu dole ya faɗa. Lauyan ya ce ana iya ba shi, ana iya hana shi, shi ma bai sani ba.

Suna a falo aka yi shi, mutum bai fi cikin tabarma biyu ba, ragon ma a waya aka yi odarsa daga mahauta. Ina kicin ina dama kunun kanwar nan da ta sha bincike, sai na ji limamin ya ɗaga murya yana faɗin sunan jaririya. Falmata. Na ɗauka kunnena ne. Yagana ta leƙo ta ce shi ya zaɓa, kuma bayan abin da ya faru ta tambaye shi ko zai canza, ya ce a kan me. Na zauna a ƙasan kicin ɗin nan na yi kukan da ban yi ba a asibiti.

Da zan taho, a bas ya raka ni filin jirgi, yana jan jakata. A Kano kuma motar Ɗan'azumi na sake samu, ƙofar na nan da igiyarta. Muna hawa gadar Wudil ya waiwayo yana dariya, "Hajiya, Mai Maki fa? Yanzu ai ya kai ashirin." Na ce ya dubi gabansa. Malam Bukar kuwa da na gaya masa, cewa ya yi shi dai abin da kalmar ke nufi ya faɗa, kuma gaskiyarsa ce, ni ce na ɗauka na yi ta yawo da ita.

To kun ji. Sunan nan na roƙe ku ku bar shi, ku ce Baban Falmata. Takardar zamansu bayan babbar salla za ta ƙare, wayata kuma ko banɗaki da ita nake shiga. In Allah ya sa an sabunta, ni zan yi sadakar wainar wannan karon. In kuwa wata rana kuka ga Yagana ta sauko daga motar Ɗan'azumi da goyo a baya, mijinta na sauke akwatuna, kada wanda ya tare shi ya ce me ya yi aka koro su. Ku zo ku tambaye ni.